Wa ke Tace Rahoton Sauyin Yanayi Kafin Ya Iso Tambuwal da Kebbe?

Ranar 9 ga Agustan 2021 aka fitar da wata 'yar takarda da ba ta kai shafi 50 ba, wadda gwamnatoci 195, har da ta Najeriya da ta Nijar, suka amince da kowane layi na cikinta. Akwai magana a ciki da ta shafi manomin gero a Dogon Daji da mai shinkafa a fadamar Kuci kai tsaye. Takardar ta ce ƙurar hayaƙin masana'antun arewacin duniya, wadda ke tare hasken rana ta sanyaya teku, tana da hannu a raguwar ruwan damina daga shekarun 1950 zuwa na 1980. Wannan shi ne zamanin da ya haɗa da farin 1973 da na 1984, waɗanda dattawan ƙasar Sakkwato ba su manta ba. Ta ce dawowar ruwa a Afirka ta Yamma tun daga shekarun 1980 tana da nasaba da ɗumamar duniya da kuma raguwar waccan ƙura a Turai da Amurka ta Arewa. Game da abin da ke tafe kuwa, ta ce damina a yankinmu za ta riƙa makara wajen sauka, mai yiwuwa ta riƙa makara wajen ɗaukewa, kuma ruwa mai ƙarfi na lokaci guda zai ƙaru.

Duk wanda ya taɓa yin shuka da ruwan farko, ya zuba ido kwanaki babu ko ɗigo, ya koma neman iri don ya sake, ya san nauyin wannan magana. Haka wanda shinkafarsa ta fara ɗaukar ciki a bakin Gulbin Zamfara, ruwa ya kwararo daga wajen Gummi cikin dare ya shanye ta. Kudancin Jihar Sakkwato ya fi arewacinta samun ruwa, shi ya sa Tambuwal da Kebbe ke cikin rumbunan jihar, kuma shi ya sa rikicewar damina ke yi musu ɓarna ta fuska biyu: fari a tudu, ambaliya a fadama.

Waɗannan layuka sun tsallake siraɗi sun fito. Akwai wasu layuka da masana suka rubuta da hujjoji masu ƙarfi, amma aka goge su, ko aka rage musu kaifi, kafin duniya ta gani. Wanda ya san yadda ake wannan tacewa zai gane dalilin da ya sa ake yawan gaya mana irin wahalar da za mu sha, amma ba kasafai ake faɗin wanda zai biya ba, balle nawa.

Takardar ta fito ne daga kwamitin ƙasa da ƙasa kan sauyin yanayi, wanda aka fi sani da IPCC. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ne suka kafa shi a 1988, ofishinsa kuma yana Jeniba. Kwamitin ba ya yin binciken kansa. Gwamnatoci ke ba da sunayen masana, a zaɓi wasu daga ciki, su kwashe shekaru suna karanta abin da aka riga aka wallafa, su tantance inda hujja ta yi ƙarfi da inda take da rauni, ba tare da ana biyansu albashi ba. Kundin 2021 kaɗai marubuta 234 ne suka haɗa shi daga bincike sama da 14,000, suka kuma amsa gyare-gyare da ƙorafe-ƙorafe fiye da 78,000. Tun daga 1990 an yi irin wannan zagaye sau shida.

Kundin yakan kai dubban shafuka, kuma babu ministan da ke zama ya karance shi. Abin da ake karantawa shi ne taƙaitaccen bayanin da ake yi wa masu mulki. Da shi ake kafa hujja a taron sauyin yanayi na shekara-shekara, shi 'yan jarida ke fassarawa, shi Bankin Duniya ke ambata idan zai ba da rance. Wannan taƙaitawa kuwa ba ta fita sai wakilan gwamnatoci sun taru a zaure guda, an rufe ƙofa ba ɗan jarida, an haska kowace jimla a bango, an bi ta kalma bayan kalma. Ba a jefa ƙuri'a. Sai kowa ya yarda, ko aƙalla ya daina ja. Ƙa'ida ta ce babu abin da zai shiga taƙaitawar sai ya dace da abin da ke cikin babban kundi, kuma marubutan na zaune suna da ikon cewa wannan gyara ya saɓa wa hujja. Don haka babu ƙasar da za ta iya cusa ƙarya. Abin da take iya yi shi ne ta turje a kan jimla har a gaji, a sassauta ta, ko a lulluɓe ta da sharuɗɗa, ko a cire ta baki ɗaya don taro ya ci gaba.

Abin ya yi kama da kiyasin ɓarna a gona. Hakimi ya tura dattawa sun je sun duba sun ƙiyasta, sannan aka ce ba za a rubuta kiyasin a littafi ba sai mai gona da wanda zai biya sun amince da kowace kalma. Amfanin haka a fili yake: gobe babu mai cewa bai san zancen ba. Illarsa ma a fili take: wanda ya fi bakin magana, ya fi jure zama, ya zo da 'yan rakiya da yawa, shi zai fi samun yadda yake so.

Masu arzikin mai su ne suka fi daɗewa a wannan fage. A Madrid, ƙarshen Nuwambar 1995, an kai ruwa rana a kan jimla guda da ke cewa an fara ganin hannun ɗan Adam a sauyin yanayin duniya. Wakilan Saudiyya da Kuwaiti suka yi kememe, masu kare muradun kamfanonin mai da kwal na Amurka na kai-komo a gefe, ba a tashi ba sai da dare ya raba. Jimlar ta fita a sassauce, amma ko a hakan ta taimaka wajen kai duniya ga yarjejeniyar Kyoto ta 1997. Shekara 23 bayan taron Madrid, a Incheon ta Koriya ta Kudu, aka amince da rahoton da ya nuna bambanci tsakanin ɗumamar digiri 1.5 da ta digiri 2, bayan Saudiyya ta ja har kusan ƙarshen zama. Watanni biyu kacal da wannan, a taron Katowice na ƙasar Folan, Amurka da Rasha da Saudiyya da Kuwaiti suka hana taron ya yi maraba da rahoton da gwamnatocin da kansu suka nemi a rubuta. Sai kuma Oktobar 2021, lokacin da BBC ta ba da labarin wasu takardu sama da 32,000 na gyare-gyaren da aka aika wa marubuta, waɗanda sashen bincike na ƙungiyar Greenpeace ya samo. A ciki aka ga Saudiyya da Ostireliya da Japan da ƙungiyar OPEC na neman a rage matsa wa duniya lamba kan barin mai da kwal, Birazil da Ajantina masu sayar da naman shanu na neman a sassauta maganar rage cin nama, Suwizalan kuma na neman a rage nauyin maganar kuɗin da ƙasashe matalauta ke buƙata daga masu arziki.

Manyan ƙasashe masu tasowa ma suna da tasu. A Balin, Afrilun 2014, masana sun kawo zane-zanen da suka kasa ƙasashe bisa ƙarfin arzikinsu, suka nuna cewa hayaƙin da ya fi ƙaruwa a shekarun baya-bayan nan daga ƙasashe masu matsakaicin arziki yake fitowa. Ƙasashe irin su Chaina da Indiya da Birazil da Saudiyya suka ga cewa gobe da wannan zane za a ɗora musu nauyi a teburin yarjejeniya, aka cire shi. Farfesa Robert Stavins na Jami'ar Harvard, ɗaya daga cikin jagororin babin haɗin kan ƙasashe, ya fito fili ya koka cewa kusan kashi uku cikin huɗu na abin da suka rubuta a wannan sashe na taƙaitawar an zubar da shi.

Amma tacewar da ta fi ci mini rai, domin ita ta fi kusa da gonakinmu, ita ce ta Yokohama a ƙasar Japan, makonni biyu kafin ta Balin. Rahoton da aka je amincewa da shi a can shi ne na illar sauyin yanayi da hanyoyin jure masa: fari, ambaliya, ƙarancin abinci, cututtuka. A cikin babban kundin akwai kiyasin Bankin Duniya cewa ƙasashe masu tasowa za su buƙaci dala biliyan 70 zuwa 100 a kowace shekara don su kare kansu. Da aka zo taƙaitawa, wasu ƙasashe masu arziki, ciki har da Amurka, suka nuna rashin gamsuwa da alƙaluman, adadin kuma bai fito a takardar da shugabanni za su karanta ba. Hujjarsu ita ce kiyasin ba shi da tabbas, kuma gaskiya ne yana da rauni. Sai dai rauninsa, kamar yadda binciken da ya biyo baya ya nuna, shi ne ya yi kaɗan. Kuɗin da ake magana a kai su ne na madatsar da za ta tare ruwa daga gari, na irin gero da dawa mai saurin nuna, na rijiyoyin noman rani, na gargaɗin ambaliya da zai isa kunnen mutum kafin ruwa ya isa ƙofarsa. Takarda ta ce wa minista mutanenka za su wahala, ta yi shiru a kan adadin da zai nema, ta aika shi teburin ciniki hannu rabbana.

Wannan ja-in-ja bai ƙare ba. A Fabrairun 2022 an sake fafatawa kan yadda za a ambaci asarar da ba ta gyaruwa, domin Amurka da wasu na gudun duk lafazin da zai buɗe ƙofar neman diyya. Asusun asara da ɓarna da aka amince da shi a Sharm el-Sheikh ta Masar a 2022, alƙawarin da aka yi masa a taron Dubai na 2023 bai wuce kimanin dala miliyan 700 ba ga duniya baki ɗaya. Wannan daidai yake da rancen da Bankin Duniya ya amince wa Najeriya ita kaɗai a Disambar 2021 don shirin ACReSAL na gyaran ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, rancen da 'ya'yanmu za su biya. A Baku kuma, 2024, da aka buga guduma kan dala biliyan 300 a shekara nan da 2035, wakiliyar Najeriya Nkiruka Maduekwe na cikin waɗanda suka tashi suka yi tir da adadin.

Wasu masana a Turai da Amurka sun gaji har suna cewa a fitar da gwamnatoci daga zauren, a bar masana su rubuta taƙaitawarsu. Ban goyi bayan haka ba. Masana ma 'yan wata ƙasa ne, kuma akwai abin da idonsu ba ya gani. A 1995 wasu masana tattalin arziki, cikin lissafin asarar da sauyin yanayi zai jawo, sun yi wa ran mutum kuɗi bisa ƙarfin arzikin ƙasarsa, har ran mutumin ƙasa mai arziki ya ninka na talakan ƙasa matalauciya kusan sau 15. Da wannan lissafi, mutuwar mutum 15 a Kebbe daidai take da ta mutum guda a Landan. Wakilan ƙasashe masu tasowa ne suka ƙi, ministan muhallin Indiya na lokacin, Kamal Nath, na cikin waɗanda suka fi ɗaga murya, taƙaitawar kuma ba ta fita da amincewa da wannan ma'auni ba. Nacin ƙasashen kudu ne kuma ke sa a riƙa tuna tarihi. Taƙaitawar Afrilun 2022 ta nuna cewa daga 1850 zuwa 2019 Amurka ta Arewa ce ta fitar da kashi 23 cikin 100 na iskar kabon, Turai kashi 16, Afirka gaba ɗayanta kashi 7, kuma yawancin namu daga sare daji da noma ne. An ba da alƙaluman yanki-yanki, ba a kama sunan ƙasa ba, amma dai sun fito. Ta Fabrairun shekarar ta ambaci mulkin mallaka cikin dalilan da suka sa wasu al'ummu suka fi rauni, ta sa Afirka ta Yamma cikin wuraren da suka fi fuskantar haɗari, ta ce daga 2010 zuwa 2020 mace-macen ambaliya da fari da guguwa a irin waɗannan wurare sun ninka na wurare masu ƙarfi sau 15. Kowace gwamnati ta sa hannu a kan wannan, kuma babu wadda za ta ce ba ta ji ba. Takardar da masana kaɗai suka rubuta ba za ta taɓa samun wannan ƙarfi ba.

Saboda haka matsalar ba zaman gwamnatoci a zauren ba ce. Matsalar ita ce ba kowa ke zama da ƙarfi ɗaya ba. Taron Interlaken na Suwizalan, inda aka kammala zagaye na shida, an tsara shi daga 13 zuwa 17 ga Maris 2023, amma bai tashi ba sai ranar Lahadi 19 ga wata. Wakilan ƙasashe matalauta da yawa asusun kwamitin ne ke biya musu kuɗin jirgi da masauki, mutum ɗaya ko biyu, kuma an riga an yanka musu tikitin komawa. Kafin a zo muhawarar ƙarshe da yawansu sun kama hanyar filin jirgi. Waɗanda suka rage su ne masu tawaga babba, masu iya karɓa-karɓa idan zama ya kai asuba. Ko a kwanakin da kowa ke nan, idan jimla ta gagara akan tura ta ƙaramin ɗaki, wani lokaci ɗakuna da yawa a lokaci guda, inda ake magana da Ingilishi zalla ba tafinta. Wakili ɗaya ba ya rabuwa biyu, kuma ɗan Nijar ko Mali da ya yi karatunsa da Faransanci an riga an rage masa ƙarfi.

Raunin ya faro tun kafin zauren. Marubutan Afirka a zagaye na shida ba su wuce kimanin kashi 11 cikin 100 ba, duk da cewa akwai gwanaye: Youba Sokona na Mali ya yi mataimakin shugaban kwamitin daga 2015 zuwa 2023, Farfesa Ibidun Adelekan ta Jami'ar Ibadan kuma na cikin mutum uku da suka jagoranci babin Afirka na 2022. Wannan babi da kansa ya faɗi cewa daga 1990 zuwa 2019 kashi 3.8 cikin 100 kawai na kuɗin binciken sauyin yanayi na duniya aka kashe a kan Afirka, kuma daga cikin wannan ɗan kason, kashi 78 cibiyoyin Turai da Amurka ta Arewa suka karɓa, na Afirka suka samu kashi 14.5.

Abin da ba a auna ba, ba a rubuta ba, ba ya shiga kundi, kuma jimlar da hujjarta ba ta da kauri ita ce ta fi saurin faɗuwa idan aka ja ta. A taswirar ruwan sama mai ƙarfi da ke cikin takardar 2021, yankunan Afirka da yawa an bar su ba hukunci saboda ƙarancin bayanai. Da masana suka binciki ambaliyar 2022, wadda ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, sun iya cewa ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin wannan damina a yankin Tafkin Chadi kusan sau 80. Amma da suka juya kan rikicewar daminar 2021 da ta jawo ƙarancin abinci a Nijar da Mali da Burkina Faso, sai suka ce ba za su iya yanke hukunci ba, domin tashoshin awon ruwa ba su isa ba. Ranar da za a zauna rabon kuɗin asara, wanda ke da alƙaluma shi za a fara saurara. Rashin bayanai ya taɓa jawo mana abin kunya ma: rahoton 2007 ya ce amfanin noman damina a wasu ƙasashen Afirka zai iya raguwa da rabi nan da 2020, daga baya aka gano maganar ta dogara ne da wani nazari kan ƙasashe uku na Afirka ta Arewa. Masu son rushe kwamitin sun daɗe suna yawo da wannan.

A yankinmu, yawancin nazarin ruwan sama ya dogara ne da tsofaffin tashoshin Sakkwato da Gusau da Yelwa. Tambuwal tana da nisan kimanin kilomita 100 daga Sakkwato, Kebbe ta fi haka, kuma kowane manomi ya san hadari na iya zuba a Jabo ya tsallake Sanyinna. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da ranar da ake sa ran saukar ruwa a ƙananan hukumomi, amma ingancin hasashe yana bin yawan awon da ke ƙasa.

Sai babbar tambaya: idan wakilin Najeriya ya zauna a wannan zaure, da bakin wa yake magana? Najeriya ƙasa ce mai fuska biyu a wannan lamari. Tana cikin OPEC tun 1971, kuma mafi yawan kuɗin da take samu daga waje na mai da gas ne. Marigayi Mohammed Sanusi Barkindo na Yola, wanda ya riƙe sakatariyar OPEC daga 2016 har rasuwarsa a Yulin 2022, ya shafe shekaru tun daga 1991 yana jagorantar ƙwararrun Najeriya a tattaunawar sauyin yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, alhali yana ma'aikacin kamfanin mai na ƙasa. Ba aibata shi nake ba, mutum ne da ya san aikinsa ƙwarai. Abin lura shi ne daga wane ofishi ƙasar ta ɗauko gwaninta a shekarun da ake aza harsashi. A 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shekaru goma na bunƙasa gas a watan Maris, ya yi alƙawari a Glasgow a watan Nuwamba cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060, ya kuma sa hannu a dokar sauyin yanayi a cikin watan. A Disambar 2023, ana tsakiyar taron Dubai, sakataren OPEC Haitham Al Ghais ya rubuta wa ƙasashen ƙungiyar, har da tamu, cewa su ƙi duk lafazin da ya nufi mai da gas kai tsaye.

Kada a ɗauka wannan rabuwar a Abuja kaɗai take. Tana cikin gidan manomin Kebbe. Albashin malamin firamaren ɗansa da na ma'aikaciyar asibitin garinsu daga kason wata-wata na asusun tarayya suke fitowa, kuma kuɗin mai ne ƙashin bayan wannan asusu. Takin yuriya da yake zuba wa shinkafa daga gas ake yin sa. Injin ban-ruwansa fetur yake sha, kuma tun da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 ya san abin da kowace lita ke ci masa. Matarsa da itace take girki, dajin kuma kullum ƙara nisa yake. Lokacin da Farfesa Yemi Osinbajo, yana mataimakin shugaban ƙasa, ya riƙa cewa ba adalci ba ne Turai ta hana Afirka rancen haƙo gas alhali ita tana amfani da shi, gaskiya ya faɗa, a ƙasar da Bankin Duniya ya ce mutum miliyan 85 ba su da lantarki. Sai dai hujjar za ta fi ƙarfi da gas ɗin na isa murhun Girkau da Margai da farashin da talaka zai iya, maimakon a ci gaba da ƙona shi a sararin Neja Delta, abin da doka ta haramta tun daga 1984.

Ra'ayina shi ne muradin Najeriya bai zo ɗaya da na Saudiyya ba, ko da suna zaune a ƙungiya guda. Saudiyya na da dukiyar da za ta tace ruwan teku ta sha, ta sayi abinci daga ko'ina, ta sanyaya gidajenta. Mu mutum sama da miliyan 200 ne, yawancin abincinmu kuma ruwan sama ke shayar da shi. Babin Afirka na 2022 ya ce sauyin yanayi ya rage bunƙasar yawan amfanin gona a nahiyar da kashi 34 cikin 100 tun daga 1961, fiye da kowace nahiya. Duk jimlar da aka sassauta don ɗumamar duniya ta ci gaba da tafiya, ribarta ta 'yan shekaru ce ga baitulmali, asararta kuma ta har abada ce ga tudu da fadama. Najeriya na iya neman lokaci da kuɗi don sauya makamashinta, tana kuma iya dagewa a faɗi gaskiyar haɗarin da adadin kuɗin kariya ba ragi. Waɗannan biyun ba sa karo. Ɓangaren mai yana da ofisoshi da lauyoyi da ƙwararru masu bibiyar kowace jimla. Ɓangaren noma ne ba shi da mai tsaya masa haka. Ƙasar da aka yi wa rajistar mutum 1,411 a taron Dubai, gwamnati ta ce ta ɗauki nauyin 422 daga ciki, ba za ta rasa kuɗin tura masana noma da na ruwa biyar ko shida su zauna a zauren tace rahoto har a tashi ba.

Zagaye na bakwai ya riga ya fara, ƙarƙashin Jim Skea na Birtaniya da aka zaɓa a Nairobi a Yulin 2023, kuma tun kafin a rubuta layi ɗaya an fara ja. A Istanbul da Sofiya a 2024, da Hangzhou ta Chaina a Fabrairun 2025, inda Amurka ba ta ma tura wakilai ba, an kasa daidaitawa kan ranar kammala kundayen. Ƙasashen Turai da ƙananan tsibirai da ƙasashe mafiya talauci na so a gama kafin babban bitar alƙawuran yarjejeniyar Faris na 2028. Saudiyya da Indiya da Chaina na cewa gaggawa za ta hana masanan ƙasashe masu tasowa shiga yadda ya kamata. Ƙorafin na da tushe, amma maganinsa a ba masananmu kuɗin bincike da damar shiga mujallu, ba a jinkirta rahoto har lokacin amfaninsa ya wuce ba. A wannan zagaye ne kuma za a sabunta jagorar 1994 ta auna illa da matakan kariya, wato ma'aunin da nan gaba za a riƙa duba wa ya cancanci tallafi.

Akwai abin da za mu iya daga nan gida. Mazaɓar Kebbe da Tambuwal ta taɓa ba ƙasa kakakin Majalisar Wakilai, Aminu Waziri Tambuwal, daga 2011 zuwa 2015, don haka ba baƙuwa ba ce a inda ake yanke shawara. Ya kamata masu wakiltarta a majalisun tarayya su nemi Ma'aikatar Muhalli da Majalisar Ƙasa kan Sauyin Yanayi su bayyana wa ake turawa zaman IPCC, mutum nawa, da wane umarni, kuma ko akwai masanin noman Arewa a cikinsu. Gwamnatin Jihar Sakkwato da shugabannin ƙananan hukumomin biyu su sa ma'aunin ruwan sama a makarantun sakandare da ofisoshin malaman gona, daga Dogon Daji har Ungushi, a ɗora wa wani alhakin rubutawa kullum, a riƙa miƙa wa NiMet. A riƙa rubuta kadada nawa ruwa ya ci a fadamar Kuci kowace shekara, da sau nawa aka sake shuka a tudu. Malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma su ɗauki waɗannan alƙaluma su wallafa su a mujallun da kwamitin ke karantawa, domin kowane kundi na da ranar rufe karɓar bincike, kuma abin da ya zo bayanta sai wani zagayen, bayan shekara shida ko bakwai.